Tarihin Kalmar "for": Daga Masaƙa Zuwa Kwamfuta

Ɗalibin da ya fara koyon shirya manhaja a Jisonayili, wata unguwa a Tamale, ba ya daɗewa sai ya ci karo da 'yar kalma mai harafi uku, wato for. Aikinta shi ne ta umarci na'ura ta yi ta maimaita aiki guda, tana ƙirgawa, har adadin ya cika. Bari mu kira wannan tsari zagaye. Kalmar ta Turanci ce, amma ba daga Ingila ta samo wannan aiki ba, shi kuwa tsarin ya girmi kwamfutar kanta.

Tushensa na wurin masaƙa. A shekarar 1804, Joseph Marie Jacquard na birnin Liyon a Faransa ya fito da masaƙa mai aiki da katunan da aka huhhuda, aka ɗinke su jere, aka haɗa bakin farko da na ƙarshe. Duk sa'ad da jerin ya zagayo, sai zanen ya sake fitowa a jikin yadi. Masaƙin fugu na Daboya bai buƙaci a yi masa bayanin wannan ba, domin abin da hannunsa ke yi ke nan, illa dai shi a ka yake riƙe ƙirgen. Charles Babbage ya ari dabarar katunan don injin lissafin da ya zayyana, wanda bai kai ga ƙerawa ba. A 1843, Ada Lovelace ta bayyana yadda injin zai riƙa komawa kan matakai iri ɗaya don fitar da lambobin Bernoulli.

Ita kalmar sai bayan ƙarni guda ta zo. Heinz Rutishauser na Zurich ya yi amfani da für ta Jamusanci a tsarinsa na Superplan a 1951. Harshen FORTRAN, wanda IBM ta fitar a 1957, ya zaɓi DO. Amma da masana Turai da Amurka suka taru a Zurich a 1958 don tsara ALGOL, da Rutishauser a cikinsu, sai für ta zama for. BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka shirya wa ɗaliban Dartmouth a 1964, shi ya kai ta ajin masu koyo.

Akwai wani gado da wannan tarihi ya bar wa ɗalibi, kuma a nan yawanci ake tuntuɓe. Mai koyon BASIC yakan rubuta FOR I = 1 TO 5, ya samu ɗaya zuwa biyar, kamar yadda kowa ke ƙirga buhunan masara. Harshen C na Dennis Ritchie, na 1972, daga sifiri yake lambata jeri, har Edsger Dijkstra ya rubuta taƙaitacciyar maƙala a 1982 yana kare wannan hanya. Python, da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya bi sahu: range(5) na ba da 0, 1, 2, 3, 4. Biyar ɗin sun cika, amma lambar 5 ba ta fito ba.

A ganina Dijkstra ya yi gaskiya ta fuskar lissafi, sai dai wahalar ta faɗa kan yaron da aka koya wa ɗaya, biyu, uku tun yana goye. In ya rubuta range(1, 40) don lambata 'yan aji arba'in, na ƙarshe zai rasa lamba, kuma na'urar ba za ta yi ƙorafi ba.