Wa Zai Ɗauki Nauyi?

In aure ya taso a zangon Sokode, ko rashin lafiya ta kwantar da wani a Dapaong, dangi sukan taru su tambayi juna, "Wa zai ɗauki nauyi?" Kowa ya san zancen biyan kuɗi ake yi. Takardar sefa kuwa ba ta fi ganye nauyi ba. Amma an yi zamanin da kuɗi kaya ne na gaske, sai da gammo.

Kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wuri ƙwanson wata 'yar halitta ce ta teku, ana kawo shi daga tsibiran Maldif. Da shi fataken goro suka yi ciniki tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja. Wani ayarin yakan bi ta Jugu ya ratsa ƙasar Kotokoli, inda Sokode take, wani kuma ya bi ta Sansanin Mango, kudu da Dapaong.

A shekarar 1851 Heinrich Barth, Bajamushe, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a Kano a bakin dala guda ta azurfa. Ƙirga su aiki ne, ɗaukarsu ma aiki ne. Akan ɗure 20,000 cikin buhun tabarma, ya zama kayan ƙato guda. Da 'yan kasuwan Turai suka kwararo da wuri mai araha daga wajen Zanzibar, darajarsa ta faɗi. Mai tafiya mai nisa sai ya yi hayar 'yan alaro su ɗaukar masa kuɗinsa, ladansu da abincinsu kuma su ci daga cikin kayan da ke kansu. Saboda haka wanda ya ce zai biya, lalle ya san nauyin abin da ya faɗa.

Wuri ya wuce. Jamusawa suka kawo nasu kuɗi, Faransawa suka biyo da faran, aka kafa sefa a 1945. Amma tsofaffin kalmomi ba su tashi ba. Dala ta koma sunan faran 5, jaka kuwa faran 1,000. Matalauci yakan ce ko wuri ba shi da shi, alhali bai taɓa sayen kome da wuri ba.

Fatake sun san kaya ba ya kaiwa zango a kan mutum ɗaya. In dangi suka ce da wani, "Kai ne babba, ka ɗauka," ya kamata su tuna da haka, kowa ya kawo nasa gammon.