Tarihin Southdale, Uwar Rufaffun Kasuwannin Zamani

 Yawancinmu mun taɓa shiga irin manyan rufaffun kasuwannin nan na zamani, inda kantuna da yawa suke ƙarƙashin rufi ɗaya, ga sanyin na'ura, ga filin ajiye motoci a waje. Wanda ke Kano ya san Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014. To, irin wannan gini yana da asali. Asalinsa wani ƙaramin gari ne mai suna Edina, a gefen birnin Minneapolis, cikin jihar Minnesota ta Amurka. Na ga ya dace in kawo tarihinsa a wannan mujalla tamu, domin akwai abin lura a ciki.

Mutumin da ya zana ginin sunansa Victor Gruen. An haife shi a Vienna, babban birnin Austriya, a shekarar 1903, kuma can ya koyi zanen gine-gine. Da yake Bayahude ne, sai ya gudu a 1938, lokacin da Hitila ya haɗe ƙasarsu da Jamus. Ya sauka New York da dala 8 kacal a aljihunsa, ya fara neman abinci da tsara fuskokin kantuna. Abin da ya dame shi game da Amurka shi ne yadda bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka riƙa barin tsakiyar birane suna komawa sababbin unguwannin bayan gari, inda babu dandali, babu wurin hira, kome mutum zai saya sai ya tuƙa mota. Shi kuwa ya tashi a birnin da ake tafiya a ƙasa, a zauna a shagon shayi, a gaisa da jama'a. Burinsa shi ne ya samar wa waɗannan unguwanni cibiya irin ta garinsu.

Ya fara gwadawa da Northland a kusa da Detroit a 1954, amma wannan a buɗe take, ba rufi a tsakanin kantunan. Daga nan sai kamfanin Dayton, masu babban kanti a Minneapolis, suka ba shi aiki a Edina, garin da mutanensa ba su kai dubu 10 ba a 1950. Matsalar wurin ita ce yanayi. Hunturun Minnesota ya fi ƙarfin kwatance da sanyin da muka sha a ɗakin kwanan makaranta, domin can ruwa daskarewa yake yi, ƙanƙara ta rufe tituna wata da watanni, bazara kuma ta zo da zafi. Saboda haka Gruen ya yanke shawarar ya rufe kasuwar gaba ɗaya, na'ura ta riƙe ɗumin ciki a kan digiri 24 rani da damina.

An buɗe Southdale ran 8 ga Oktoba, 1956, bayan an kashe dala miliyan 20. Tana da hawa biyu, da wurin kantuna 72, da filin da zai ɗauki motoci fiye da 5,000. An raɗa wa sassan filin sunayen dabbobi don kada mutum ya mance inda ya bar motarsa. Wata dabarar kuma ita ce, an sa manyan kantuna biyu masu hamayya da juna, Dayton's da Donaldson's, a cikin gini ɗaya, kowane a gefensa. Duk wanda zai tashi daga wannan zuwa wancan, tilas ya ratsa ta gaban ƙananan shaguna. A tsakiya aka yi wani fili mai hasken rana ta sama, da itatuwa, da tafkin kifaye, da babban kejin tsuntsaye, da wurin zama a sha shayi. Wannan fili shi ne dandalin da Gruen yake mafarki. Ta waje kuwa bango ne kawai, domin duk ƙofofin shagunan ciki suke kallo.

Jama'a sun yi tururuwa, jaridu sun yaba, ko da yake shahararren mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya ziyarci wurin a shekarar ya kushe shi. Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, kasuwar wani ɓangare ce kawai na abin da Gruen ya zana. Tsarinsa ya ƙunshi fili eka 463, da gidajen zama, da makarantu, da asibiti, da lambun shaƙatawa, da tafki, yadda mutum zai fito daga gida ya taka zuwa kasuwa. Da kasuwar ta karɓu, farashin filayen kewaye ya tashi, sai masu ita suka ga sayar da su ya fi riba. An dai gina asibiti a kusa a 1965, amma garin da aka zana a takarda bai tabbata ba. Abin da ya rage shi ne kantuna a tsakiyar tekun motoci.

Wannan ragowar ita duniya ta kwaikwaya. Wata dokar haraji ta 1954 ta ƙara rura wutar, domin ta ba masu gini damar cire kaso mai tsoka na kuɗin ginin daga harajinsu tun a shekarun farko. Nan da nan 'yan kasuwa suka gane cewa riba tana wajen sayen fili mai araha a bayan gari, a gina da sauri. Ɗaruruwan irin Southdale suka bazu a Amurka, suka janye ciniki daga tsakiyar birane, tsofaffin shaguna suka riƙa rufewa. Wato maganin da Gruen ya kawo ya ƙara wa ciwon ƙarfi.

Shi da kansa ya ga haka. Ya koma Vienna a ƙarshen shekarun 1960, kuma a 1976 aka buɗe wata ƙatuwar kasuwa irin wannan a kudu da birnin nasu. A wani jawabi da ya yi a Landan a 1978, ya fito fili ya barranta da waɗannan gine-gine, ya nuna ba zai ɗauki nauyin 'ya'yan da ba nasa ba. Ya rasu a 1980. Ita kuwa Southdale ta sha gwagwarmaya. A 1992 aka buɗe Mall of America a garin Bloomington da ke maƙwabtaka, ta shafe ta wajen girma, daga baya cinikin intanet ya zo. Sunayen Dayton's da Donaldson's duk sun ɓace daga jikin bangonta, amma har yau tana nan ana ciniki.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai ma'aikatan ofishin filaye, da injiniyoyi, da 'yan kasuwa, da masu sa hannu a takardun izinin gini. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda taswirar sabuwar unguwa take zuwa da filin makaranta da na asibiti da na wasan yara, mun kuma san waɗanda ake fara yankawa idan fili ya yi daraja. A ganina, Gruen bai rasa basira ba, abin da ya rasa shi ne wanda zai tilasta a gina ɓangaren da ba ya kawo kuɗi. Wannan kuwa aikin hukuma ne, ba na ɗan kasuwa ba. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500, domin gari ne ya kewaye ta, mutanenta na kwana kusa da ita. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.