Tarihin Kalmomin "Alheri" da "Tsarki" a Koyarwar Kiristan Ƙasar Hausa

Gardamar ko mutum yana samun tsarkin zuciya ta ƙoƙarin kansa, ko kuwa ta baiwar Allah kaɗai, tsohuwa ce cikin addinin Kirista. Malami Agustin na Hippo, a Afirka ta Arewa, ya yi ta da Felagiyus, har taron Kartaj na shekarar 418 ya goyi bayan Agustin. Martin Luta ya sāke ta da ita a Jamus daga 1517. Sa'an nan cikin 1875 aka fara wani taron shekara-shekara a garin Kezik na Ingila, inda ake koyarwa cewa mai bi ba ya rinjayar zunubi da faman kansa, sai ya sallama wa Almasihu ta bangaskiya.

Da yawa daga cikin 'yan Mishan da suka nufo ƙasar Hausa sun tashi cikin wannan koyarwa. Rowland Bingham, wanda ya sauka Ikko cikin 1893 ya kafa Mishan ɗin S.I.M., shi ne kuma ya kafa irin wannan taro a Kanada cikin 1924. Amma Kano ba ta karɓe su da sauƙi ba. Cikin 1900 Sarki Alu ya sallami ayarin Bishof Tugwell bayan 'yan kwanaki. Ko bayan 1903, Turawan mulki da suka zauna a Nassarawa da Bompai sun hana wa'azi cikin birni, saboda alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba. Don haka aikin ya koma kan takarda, a hannun Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa cikin 1932.

A nan ne wuyar take. Masu fassara sun zaɓi "alheri" don kalmar Helenanci mai nufin kyautar da ba a cancanta ba. Asalin "alheri" Larabci ne, watau al-khair, kuma a bakin Bahaushe abu ne mai komowa ga mai shi, shi ya sa ake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda aka yi wa alheri yana jin nauyin rāmawa. Koyarwar kuwa cewa take yi wannan alheri ba shi rāmuwa, wanda ya nemi biyansa da aiki ma ya ɓata shi.

Haka nan "tsarki". A wurin Bahaushe tsarki aiki ne da mutum ke yi da hannunsa, da ruwa a buta, kafin ya tsaya gaban Ubangijinsa. Mai wa'azi kuwa yana nufin halin da Allah ke sa wa zuciya daga sama. Kalma ɗaya ce, amma mai aikatawa ya sāke.

Saboda haka lokacin da ekklisiyar E.C.W.A. ta tsaya da ƙafarta cikin 1954, fastocin Hausawa da Maguzawa suka gāji aikin da Turawa ba su ƙare ba, watau cusa sabuwar ma'ana cikin tsofaffin kalmomi. Malamin da ke koyar da fassara zai amfana in ya sa ɗalibansa su auna waɗannan kalmomi biyu da "rahama", da "ni'ima", da "falala", su ga abin da kowace za ta ɗauka da abin da za ta zubar.