Tsohon Soja da Ƙofar Makaranta a Fagge da Sabon Garin Kano

Duk wanda ya nazarci tarihin Wajen Kano, wato unguwannin da suke bayan ganuwa, zai tarar da sawun soja a kusan kowace kusurwa. Akwai unguwar da ake kira Birget, akwai barikin Bukavu, ga kuma Sabon Gari wadda tun a wajen kafa ta aka yi la'akari da tsofaffin sojoji. Abin da nake so in duba a wannan maƙala shi ne irin sakayyar da hukuma ta riƙa yi wa waɗannan mutane bayan sun ajiye bindiga, musamman ta fuskar ilimi. A iya fahimtata, an ba tsohon soja fili, an ba shi ɗan aikin da zai riƙe kansa, amma ba a taɓa ware masa kujera a makaranta ba. Karatun da ya kamata ya samu sai ya tsallake shi ya faɗa kan ɗansa.

Asalin unguwannin biyu

Fagge tsohon zango ne, wanda ake danganta kafuwarsa da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A nan ayarin Buzaye da sauran fatake suke sauke kaya kafin su shiga birni. Saboda haka tun fil azal unguwa ce ta baƙi, amma baƙi Musulmi, masu makarantun allo da zaurukan ilimi.

Sabon Gari kuwa ɗanyen gari ne. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sa'annan a 1913 aka yanka filayen Sabon Gari. Cikin waɗanda aka fara zaunarwa akwai tsofaffin sojojin rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, tare da leburorin reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da ake kira Gana a yau. Da yawa daga sojojin nan Hausawa ne da Nufawa da Barebari da Yarabawa. Daga baya aka keɓe Tudun Wada domin 'yan Arewa waɗanda ba Kanawa ba, nan ma har da tsofaffin sojoji. Fagge tana ƙarƙashin En'e, ita kuwa Sabon Gari Turawa ne suka riƙe ta kai-tsaye har zuwa 1940, lokacin da aka miƙa ta ga En'en Kano.

Wannan bambanci ya shafi makaranta ƙwarai. Da yake Turawa sun hana mishan yin aiki a cikin birni da unguwannin Musulmi, sai makarantunsu suka taru a Sabon Gari, irin su Holy Trinity ta 'yan Angilika. Daga bisani ƙungiyoyin ƙabilu, musamman ta Ibo, suka gina nasu. Ke nan tsohon sojan da ya sami fili a Sabon Gari yana iya sa ɗansa a boko in ya yarda da makarantar mishan, alhali takwaransa na Fagge sai dai ya jira ɗan gurbin da ke elementaren En'e. Tsakanin unguwannin biyu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, amma ta fuskar boko nisan ya kai na shekaru.

Matsayin soja a idon jama'a

Kafin a zargi hukuma ita kaɗai, ya kamata a tuna yadda jama'a suka ɗauki soja a wancan zamani. Asalin sojan Nijeriya shi ne 'yar rundunar da Laftanar Glover ya haɗa a Ikko a 1863, wadda aka riƙa kira da sunan Hausawa, kuma akasarin waɗanda suka fara shigarta bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu. Su ne kuma aka yi amfani da su wajen cin ƙasar nan da yaƙi. Don haka a birnin Kano ba a ɗauki aikin soja aikin ɗan mutunci ba, kalmar "ɗan bariki" ma ta zama abin zagi. Su kansu Turawa ba su son kurtu mai ilimi. Sun fi son ƙaƙƙarfan ɗan ƙauye wanda zai bi umarni ba tambaya, kuma da Hausa ake ba da umarnin, saboda haka ba a ga dalilin koya masa Turanci ba.

A ɗaya ɓangaren, makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 an tsara ta ne domin 'ya'yan sarakuna da malamai, sai wani sashe na koyon sana'a. A gidansa ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta sami mazauni. Haka Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, yara ake zaɓowa daga makarantun larduna. Babu inda aka yi tanadin magidanci ɗan shekara talatin da biyar mai riƙe da takardar sallama daga soja. Abin da ke jiransa shi ne aikin masinja a ofishin Razdan ko Di'o, ko ɗan doka, ko gadin kantin wani kamfani.

Yaƙin Hitila da abin da ya biyo baya

A nan ne al'amarin ya fi ban takaici, domin a wannan karon sojan ya ɗanɗani karatu. Yaƙin Duniya na Biyu (1939 zuwa 1945) yaƙi ne na mota da waya da igwa, ba a iya yin sa da jahilai zalla. Sojojinmu sun yi yaƙi a Somaliya da Habasha a 1941, sa'annan aka kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Bama, inda suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan da Myohaung. Dole ta sa aka koma ba da umarni da Turanci, aka kafa sashen ilimi na soja, aka koya wa dubban kurata karatu da rubutu. An horar da direbobi da makanikai da masu aikin waya da ma'aikatan jinya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, tana isa hannun sojoji, wanda ya iya karatu ya karanta wa 'yan uwansa. Mutumin da ya bar gida bai san "a" ba, sai ga shi yana aiko wa iyayensa wasiƙa da hannunsa daga Indiya.

Don mai karatu ya gane abin da aka rasa, bari in kawo misalin Amurka. A watan Yuni na 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da G.I. Bill, wadda ta ɗora wa gwamnati biyan kuɗin makarantar tsohon soja da kuɗin littattafansa da na cin abinci. Kimanin mutum miliyan 7.8 suka amfana da ita wajen karatu ko koyon sana'a, fiye da miliyan 2 daga cikinsu a jami'o'i da kwalejoji. A 1947 kusan rabin waɗanda aka ɗauka a manyan makarantun ƙasar tsofaffin sojoji ne. Ba wai dokar ba ta da aibu ba, domin baƙaƙen fata, musamman a jihohin kudancin ƙasar, an tauye musu wannan haƙƙi ƙwarai. Ita ma Ingila ta yi wa nata sojojin tsarin tallafin ƙaro karatu tun 1943.

To, mu a nan me aka yi? A 1945 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar da ta wajabta wa ma'aikatu da kamfanoni su keɓe wa tsofaffin sojoji wani kaso na guraben aiki, aka buɗe ofisoshin rajista, aka kuma shirya wasu kwasa-kwasai na koyon sana'a. A 1946 aka kafa ƙungiyar kula da jin daɗinsu. Duk tunanin ya tsaya a kan aiki, ba a kan karatu ba. Gaskiya ne ko da an so a yi irin na Amurka, babu makarantun da za a zuba su. Kwalejin Jami'a ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta, da ɗalibai 104, kuma ba a shiga sai da takardar gama sakandare. A lokacin da aka gama yaƙi sakandaren gwamnati guda ce a duk Arewa, wato Kwalejin Kaduna, wadda ta koma Zariya a 1949. Amma wannan uzuri, a ganina, bai wanke Turawa ba. Abin da sajen da ya dawo daga Bama yake bukata ba jami'a ba ne. Aji yake bukata na manya, wanda zai ɗora a kan abin da ya koya a bariki har ya kai shi ga takardar midil, daga nan ya shiga makarantar horon malamai ko ta aikin asibiti. Wannan bai fi ƙarfin En'en Kano ba, wadda ta fi kowace En'e kuɗi a Arewa. Da aka zo shirin Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, shi ma ajin koyon baƙi ne, abin da tsohon sojan ya riga ya wuce.

Wanda ya fita da riba shi ne direba da makaniki, domin sana'arsu ba ta bukatar satifiket, kuma Fagge da Sabon Gari ne matattarar tasha da gareji a daidai lokacin da safarar gyaɗa ta bunƙasa.

Aka juya ga 'ya'ya

A watan Mayu na 1954 aka kafa Rundunar Yara a Zariya, kusa da Daffo, da yara 30, ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey. An fi ba 'ya'yan sojoji fifiko wajen ɗauka. Ita ce ta zama Makarantar Soja ta Nijeriya a 1960. Daga nan manufar ta fito fili: ladan uba a ba ɗa.

A daidai wannan lokaci kuma sai lamarin ya juye. Maimakon soja ya kai mutum ga karatu, karatu ne ya koma kai mutum ga soja. Shugabannin Arewa sun lura cewa hafsoshi 'yan Arewa ba su da yawa, suka shiga zagaya makarantun sakandare suna kwaɗaitar da ɗalibai, har a 1961 aka ware wa Arewa rabin guraben horon hafsoshi. Murtala Muhammed ya fito daga Kwalejin Gwamnati ta Zariya ya shiga soja a 1958, aka tura shi Sandhurst. Sani Abacha, wanda ya tashi a Fagge, ya gama Sakandaren Lardi ta Kano, wadda ake kira Kwalejin Rumfa a yau, ya wuce kwalejin horon soja ta Kaduna, sa'annan Mons a Ingila, ya fito hafsa a 1963. Ga dai ɗan Fagge ya shiga ta ƙofar da aka rufe wa 'yan Bama, amma da takardar makaranta ya shiga, ba da takardar sallama ba. Makarantar NDA ta Kaduna da aka buɗe a 1964, wadda ta fara karatun digiri a 1985, ita ma ta samari ce masu takarda.

Yaƙin basasa zuwa yau

Kashe-kashen 1966 sun watsa mutanen Sabon Gari, makarantunta da dama suka zama kufai na wani lokaci. Yaƙin basasa (1967 zuwa 1970) ya kumbura sojan Nijeriya daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000, akasarinsu an ɗauke su cikin gaggawa ba tare da duba ilimi ba. Da aka zo rage su a shekarun 1970, sai aka sake bin tsohuwar hanya: kuɗin sallama, fansho ga wanda ya cancanta, da koyon sana'a a cibiyar Oshodi da ke Ikko. Aka kuma ƙara gina makarantun 'ya'yan sojoji. Barikin Bukavu, wanda ya samo sunansa daga garin da sojojinmu suka zauna a Kwango lokacin aikin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1960 zuwa 1964, yana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, kuma makarantun da ke cikinsa sun yaye 'ya'yan sojoji da na farar hula masu yawa.

Shi kuwa uban, in yana son jami'a, sai ya bi layi ɗaya da 'ya'yansa. Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, ta hannunta ake shiga. Tsarin da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ya raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na 'yan yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Babu kason tsohon soja a ciki. Hafsa yakan sami izinin tafiya ƙaro karatu yana kan aiki, shi ya sa ake ganinsu a azuzuwan babbar difiloma da digiri na biyu a Jami'ar Bayero. Kofur ɗin da aka sallama ba shi da kiredit biyar kuwa, sai ya fara daga tushe.

Ƙofofin da suka ɗan buɗe masa ba don shi aka yi su ba. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983, kuma azuzuwanta ba su tambayar shekaru. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, an kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984 (abin mamaki, ga su ne za su fi kowa amfana da ita), sai a farkon shekarun 2000 aka farfaɗo da ita, har ta buɗe cibiyoyi a wasu barikoki. A 2018 aka kafa Jami'ar Sojan Ƙasa a Biu, inda aka bayyana cewa kashi 75 cikin ɗari na gurabenta na farar hula ne, 25 na masu kaki.

Ƙungiyar 'yan mazan jiya, wadda aka kafa da doka a 1964, ita ce ta gaji ƙungiyar nan ta 1946. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ake tunawa da su, a yi fareti, a ajiye furanni, a sayar da bajo domin tara gudummawa. A sauran ranakun shekara kuwa, inda na fi ganin kakinsu shi ne bakin ƙofar ma'aikatu da asibitoci da makarantu, suna gadi.

Shawarata ga malaman tarihi na makarantun Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada ita ce su sa ɗalibai su tambayi iyayensu ko akwai takardar sallamar kakansu a cikin adaka. Irin wannan takarda takan nuna lambar soja da muƙaminsa da rundunarsa, da shekarun da ya yi, da sana'ar da ya koya, da shaidar halinsa. In an samu, a ɗauki hotonta a kai Gidan Ɗan Hausa, a mayar wa masu ita da abinsu.