Ɗacin Kabeji da Tsohon Ilimin Kwaɗo

Daga Katsina zuwa Mashi har Daura, da wuya a yi walimar biki a yau ba a ga koslo a gefen shinkafa ba. Da wuya kuma a rasa mai girkin da ta taɓa yanka kabeji kwano guda, ta zuba bama mai tsada, ta ɗanɗana ta ji ɗaci, ga baƙi sun fara sallama. Tarihin abincin yana nuna inda matsalar take.

Sunan ya samo asali daga harshen mutanen Holan: "kool" kabeji, "sla" ganyen da ake ci ɗanye. Su suka kai shi Amurka a ƙarni na 17, lokacin da suke riƙe da garin da Ingilishi suka ƙwace a 1664 suka sa masa suna New York. A 1749 wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Pehr Kalm, ya rubuta yadda matar da ta sauke shi a Albani take yanka kabeji sirara ta haɗa da ruwan khal. Mayonis daga baya ya shigo. Tsami ne ginshiƙin koslo na farko, shi ne kuma abin da muka fi mantawa da shi.

Kabeji ɗan ƙasar sanyi ne. Shi ya sa ya yi gida a tsaunukan Jos, a nan arewa kuwa sai noman rani lokacin hunturu. Ganyensa na ɗauke da sinadaran gulukosinolet, waɗanda tsiron yake kare kansa da su daga ƙwari. Wuƙa na ratsa shi sai su rikiɗe su fitar da ɗaci da yaji. Zafin bazara, ƙishirwa a gona da daɗewa a kasuwa duk suna ƙara musu ƙarfi. Kabejin Janairu daban, na Afrilu daban.

Iyayenmu mata sun san wannan yaƙi tun kafin kabeji ya iso. Zogale da tafasa ba a kwaɗa su sai an dafa an tsiyaye an matse, sannan ƙuli-ƙuli da gishiri da albasa su rufe sauran ɗacin. Shuwaka kuwa sai an wanke ta an sake wankewa.

Hikimar ɗaya ce. A zaɓi kabeji mai nauyi, a cire ganyen waje da ƙashin tsakiya, a yanka da wuƙa mai kaifi. A barbaɗa gishiri, a bar shi rabin sa'a, a ɗauraye a matse. Sannan a sa lemon tsami ko khal da ɗan sukari da karas, kafin a zuba mayonis. A ɗanɗana mayonis ɗin shi kaɗai tukuna, domin man da ya kwana cikin zafi yakan lalace, kuma babu sukarin da zai gyara shi.