Kanwa da Ƙwannafi: Maganin da Fatake Suka Kawo Mana

Da wuya a sami gidan Bahaushe a Bibemi ko Garwa da ba a taɓa jiƙa kanwa a cikinsa ba saboda mai kukan zafin ƙirji bayan tuwon dare. Wannan ɗabi'a ta girmi kakanninmu.

Kanwar da muka saba da ita ba a bakin Binuwai ake haƙo ta ba. Daga yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga take fitowa, ta ratso Borno, fatake su gangaro da ita Adamawa bisa jakuna. Ko da Bajamushen nan Heinrich Barth ya haye Binuwai a 1851 zai je Yola, ya tarar Hausawa sun riga sun san hanyar. Fulani na kiranta kilbu, suna saya wa shanu, har gobe kuwa makiyayan da ke cika kasuwar Adumri sun san darajarta. Abin da ya rage a gindin mangala shi ya shiga madafa, ya kuma zama magani.

Magabatanmu ba su yi kuskure ba. Ƙwannafi ruwan tsamin tumbi ne ke tasowa zuwa maƙogwaro idan ƙofar da ke tare shi ta saki. Kanwa kuwa tana kashe tsami, kamar yadda take yi wa yakuwa a tukunya. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma gishirinta yana da nauyi a jiki. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Mai hawan jini ma ba ta raga masa.

A 1988 aka fitar da omeprazole a Turai, ƙwayar da ke rage tsamin tun daga inda ake yin sa. Likitoci kan haɗa ta da shawara: a rage maiƙo da yaji, a bar awa uku tsakanin tuwo da kwanciya, a ɗaga wajen kan gado. Mu da kan cika ciki a buɗa-baki mu miƙe a tabarma, mun san da wa ake.

Wanda haɗiya ta fara yi masa wuya, ko yake ramewa, ko ya yi aman jini, lamarinsa ya wuce jiƙon kanwa, sai asibiti.