Digirin Digirgir a Fannin Dokokin Mu'amala: Ma'anarsa, Matakansa da Amfaninsa ga Yankin Uba da Mubi

Digirin digirgir, wanda kuma ake kira digiri na uku, shi ne matakin ƙoli na karatun shari'a a jami'o'in Najeriya. A fannin dokokin mu'amala, wato abin da lauyoyi da ma'aikatan kotu ke kira sibil, wannan digiri yana nufin shekarun da mutum zai shafe yana bincike kan dokokin da ke tsara hulɗa tsakanin mutum da mutum: ciniki da bashi, haya da jingina, fili da gona, aure da saki, gado da wasiyya, da kuma diyyar ɓarna. A yankin Uba da Mubi da ke arewacin Jihar Adamawa, inda tsare-tsaren shari'a daban-daban suka haɗu a wuri guda, tambayoyin da irin wannan bincike ke neman amsawa su ne waɗanda jama'a ke kai wa kotu yau da kullum.

Ma'anoni uku na kalma ɗaya

Kalmar sibil tana da ma'anoni uku a bakin masana, kuma wanda bai rarrabe su ba zai iya ruɗewa tun daga cika takardar neman shiga jami'a.

Ma'ana ta farko ita ce kishiyar dokokin laifuka. A shari'ar laifi, galibi hukuma ce ke gurfanar da wanda ake tuhuma, kuma dole a tabbatar da laifin ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. A shari'ar mu'amala kuwa, wanda aka tauye wa haƙƙi ne ke kai ƙara, yana neman a biya shi ko a mayar masa da abinsa, kuma alƙali yana duba wanda hujjarsa ta fi rinjaye. Dokar Shaida ta 2011 ta fayyace waɗannan ma'aunai biyu a sashe na 134 da na 135.

Ma'ana ta biyu ita ce tsarin shari'ar da ya samo asali daga Rumawa. Sarki Justiniyan ya sa an tattara dokokin Rum tsakanin shekarar 529 da 534, daga baya malaman Bolonya a Italiya suka farfaɗo da karatunsu tun ƙarshen ƙarni na 11. Daga wannan tushe ne kundin dokokin mu'amala na Faransa na 1804 ya fito, haka kuma na Jamus da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1900. A wannan tsari, rubutaccen kundi shi ne madogara ta farko, saɓanin tsarin Ingila da ke ba hukunce-hukuncen alƙalan baya matsayi babba. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, amma Nijar da Chadi da Benin da mafi yawan Kamaru suna bin na Faransa.

Ma'ana ta uku ta jami'o'in Arewa ce. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ana kiran digirin farko na dokokin da aka gada daga Ingila da na majalisun Najeriya da sunan sibil, domin a bambanta shi da digirin da ke ba da ƙarfi ga shari'ar Musulunci.

Tushen dokokin mu'amala a Najeriya

Mai bincike a wannan fanni yana aiki ne da tushe huɗu. Na farko shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999 da dokokin majalisun tarayya da na jihohi, kamar Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da Dokar Kamfanoni ta 2020, da Dokar Sasantawa da Sulhu ta 2023. Na biyu shi ne dokokin Ingila da aka karɓa, ciki har da dokokin majalisar Ingila na bai-ɗaya da ke aiki a can ranar 1 ga Janairun 1900. Ta wannan ƙofa ce dokar sayar da kaya ta 1893 ta shigo ƙasar. Na uku shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Arewa suka daɗe suna ɗauko wa daga Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Na huɗu shi ne al'adun ƙabilu, waɗanda kotu ba ta zartar da su sai an tabbatar da wanzuwarsu, kuma ba su ci karo da adalci ko wata rubutacciyar doka ba.

Wuraren da waɗannan tushe ke karo da juna su ne suka fi jan hankalin masu bincike. A shari'ar Adesubokan da Yunusa a 1971, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmi yana iya rubuta wasiyya ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ko da ta saɓa wa ƙa'idar Malikiyya da ta taƙaita wasiyya a kan sulusin dukiya, ta kuma hana yin ta ga magaji. A shari'ar Alkamawa da Bello a 1998, wadda ta taso daga Sakkwato kan haƙƙin shuf'a, kotun ta bayyana cewa shari'ar Musulunci ba ɗaya take da dokar al'ada ba. A shari'ar Ukeje da Ukeje a 2014 kuwa, ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, saboda ta saɓa wa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki da ya haramta nuna bambanci.

Yadda karatun ya kafu

Koyar da shari'a a makarantar zamani a Arewa ya faro ne da Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, wadda aka kafa domin horar da alƙalai, ta kuma koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Bayan kwamitin masana shari'a na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya ba da shawarwarinsa, an sake fasalin kotunan Jihar Arewa, aka kuma riƙa horar da ma'aikatansu a Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo a Zariya. A wannan harabar ce Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take, jami'ar da aka buɗe a watan Oktoban 1962. Daga baya jami'o'in Bayero a Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Maiduguri, da Jos suka buɗe nasu tsangayoyin.

Kafin jami'o'in gida su kai ga ba da digiri na uku, ƙasashen waje ake zuwa. Fitaccen misali shi ne Taslim Olawale Elias, wanda ya sami digirin digirgir a Jami'ar Landan a 1949. Littattafansa kan dokar ƙasa da dokokin al'adun Afirka sun zama madogara ga ɗalibai. Ya riƙe muƙamin Antoni-Janar na Tarayya, ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1972 zuwa 1975, sannan ya shugabanci Kotun Duniya da ke Heg daga 1982 zuwa 1985.

Matakan da ɗalibi ke bi

Hanyar tana farawa da digirin farko na shari'a, wanda ke ɗaukar shekara biyar ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Daga nan sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a Legas a 1963, kuma a yau hedikwatarta na Bwari a Abuja, tana da rassa a wurare da dama, ciki har da Yola da Bagauda a Jihar Kano. Bayan an rantsar da mutum lauya ya kuma yi hidimar ƙasa, sai digiri na biyu. Jami'o'i suna neman sakamako mai kyau a wannan mataki kafin su karɓi mutum a digiri na uku, wasu kuma sukan sa wanda makinsa bai cika ba ya fara bi ta wani matsakaicin digiri na bincike.

Digirin digirgir yana ɗaukar aƙalla shekara uku ga mai cikakken lokaci, ya kan fi haka ga mai haɗa shi da aiki. Ɗalibi yana gabatar da shawarar bincike, wadda ke bayyana matsalar da zai warware da giɓin da ya gani a rubuce-rubucen magabata. Idan sashe ya amince, sai a naɗa masa malamai masu duba aikinsa. Yana gabatar da takardu a tarukan ƙara wa juna sani, jami'o'i da yawa kuma suna buƙatar ya wallafa wani ɓangare na binciken a mujallun ilimi. A ƙarshe yana kare kundinsa baki da baki a gaban kwamitin da ya haɗa da mai jarrabawa daga wata jami'a. Abin da kwamitin ke nema shi ne sabon abu da kundin ya ƙara wa ilimi, ba tattara abin da aka riga aka sani ba.

Hanyoyin binciken iri biyu ne. Akwai nazarin nassi, inda ake tsefe dokoki da hukunce-hukunce da littattafan fiƙihu. Akwai kuma binciken fili, inda ake duba rijistar kotuna, ana tattaunawa da alƙalai da hakimai da masu ƙara. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'idoji, yayin da asusun TETFund ke ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantun gwamnati.

Digirin kansa ba ya ba mutum izinin tsayawa gaban kotu. Rantsuwar lauya ce kaɗai ke yin haka. Ba sharaɗi ba ne kuma na zama alƙali, domin Kundin Tsarin Mulki shekarun aikin lauya ya ƙidaya: 10 ga Babbar Kotu, 12 ga Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 ga Kotun Ƙoli. Amfaninsa ya fi fitowa a koyarwa a jami'a, da gyaran dokoki, da ba gwamnati shawara.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Uba da Mubi

Garin Uba yana kan hanyar da ta taso daga Yola ta nufi Maiduguri ta Michika da Gwoza, kuma ya rabu tsakanin jihohi biyu: wani ɓangare a Ƙaramar Hukumar Hong ta Adamawa, wani a Ƙaramar Hukumar Askira/Uba ta Borno. Sashe na 1 na Dokar Amfani da Ƙasa ya danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Saboda haka maƙwabta biyu a gari ɗaya za su iya neman takardar shaidar mallaka daga gwamnoni biyu, idan rikici ya taso kuma su tafi kotunan jihohi biyu. Ga gonaki da filayen karkara, dokar ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama na al'ada, ta kuma bar shari'arsu a hannun kotunan yanki.

Yankin gida ne ga Margi da Kilba da Gude da Fali da Kamwe da Fulani da Hausawa, Musulmi da Kirista. Kowace al'umma tana da hanyarta ta aure da gado. Wanda ya yi aure ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914, Babbar Kotu ce ke da ikon raba auren bisa dokar 1970. Wanda ya yi na Musulunci ko na al'ada, ƙananan kotuna ne ke duba nasa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan aure da gado da wasiyya da waƙafi da kyauta da riƙon marayu. Wace doka za a bi idan mamaci ya bar iyali masu addini biyu, ko ya bar gona a jiha ɗaya da gida a wata, tambaya ce da ta ishi kundin digiri na uku.

Ma'ana ta biyu ta kalmar sibil ma tana da tasiri a nan. Mubi ta taɓa kasancewa cikin Kamaru ta Jamus, daga baya ta koma ƙarƙashin riƙon Birtaniya, har ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta haɗa yankin da Najeriya ranar 1 ga Yunin wannan shekara, da sunan Lardin Sardauna. Har gobe kasuwar shanu ta Mubi tana karɓar fatake daga Kamaru da Chadi. Waɗannan ƙasashe biyu, tare da Nijar da Benin, suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port Louis a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci, kuma babbar kotunta tana Abijan. Najeriya ba ta ciki. Idan dillali a Mubi ya ba da kaya bashi ga abokin ciniki a Marwa ko Garwa, dokar wace ƙasa ce za ta hau kan cinikin, kuma yaya za a zartar da hukuncin kotun Najeriya a can? Amsa wannan tana buƙatar mai binciken da ya san tsare-tsaren biyu, ya kuma iya karanta Faransanci.

Rikicin Boko Haram, wanda ya kai ga mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014 kafin a ƙwato ta cikin makonni, ya bar wasu matsalolin: takardun filaye da suka salwanta, da mutanen da suka ɓace. Sashe na 164 na Dokar Shaida ya ba da damar a ɗauka mutum ya mutu idan an shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. A mazhabar Malikiyya kuwa, asalin hukuncin shi ne matar wanda ya ɓata ta jira shekara huɗu bayan ta kai maganar gaban alƙali an kuma yi cigiya, sannan ta yi takaba, amma ba a raba dukiyarsa sai ya kai shekarun da galibi ba a wuce su a raye. Malamai sun kuma bambanta hukuncin gwargwadon yanayin ɓacewar, kamar lokacin yaƙi ko annoba. Makomar mata da marayu da dama ta rataya ne a kan yadda kotu ta fassara waɗannan ƙa'idoji.

Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a Mubi a 2002 ta kusanto da karatun jami'a ga matasan yankin, reshen Makarantar Horar da Lauyoyi kuma yana Yola. Ga mai son ci gaba zuwa digiri na uku, tsofaffin tsangayoyin Maiduguri da Zariya da Kano da Jos suna da malamai da ɗakunan karatu. Kayan binciken kuwa suna gida: rijistar kotunan yanki, da bayanan fadar hakimai, da yarjejeniyoyin baka na 'yan kasuwa waɗanda shaidu kaɗai ke riƙe da su.